Jinjina ga Sarkin Maneji, Mai Ɗaure Birki da Roba

Ranka ya daɗe, Sarkin Maneji! Gaishe ka, gwanin ƙarƙashin mota, mai gareji a gindin darbejiya, wanda ba a taɓa kawo wa mota ya ce sai an sayo sabon kaya ba. Injiniyoyin Japan da na Jamus sun tsufa a ɗakunan gwaji suna auna kaurin bututun birki da irin ƙarfen da zai iya riƙe shi, kai kuwa da filaya da guduma da guntun tsohon tiyub ka gama abin da ya ɗauke su shekaru. Maroƙa sun yabi sarakuna, sun yabi attajirai, sun yabi 'yan dambe, sun tsallake ka, alhali a kowace tasha daga Kano zuwa Maraɗi da wuya a rasa motar da ke yawo da aikin hannunka a cikinta. Yau sai an biya ka haƙƙinka.

Kafin mutum ya gane girman jarumtakarka, sai ya san abin da kake wasa da shi. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa ba ta taɓa taya. Masta take turawa, masta ta matsa man birki, man ya bi ta cikin siraran bututai zuwa ƙafafun mota huɗu, can ya danna fad ko shu a jikin ƙarfen da ke juyawa. Kaurin bututun a yawancin ƙananan motoci milimita 4.75 ne, wato kashi 3 cikin 16 na inci. Mai faci yana buga wa tayar ƙaramar mota iska 32 ko 35 a gejinsa, kuma kowa ya san ƙarar da taya ke yi idan ta fashe. To a wannan ma'aunin dai, matsin da ke cikin bututun birki lokacin da yaro ya faɗo titi direba ya taka da iya ƙarfinsa yana haura 1,000, yana iya doshin 2,000. A kan wannan matsin ne Sarki ke ɗaura roba, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Ba matsala, Alhaji, zai kai ka."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, zai kai ka. Inda zai kai ka ɗin ne bai faɗa ba.

Bari mu soma da ƙaramar bajinta, wadda ko yaran shagonsa sun iya. Bututu ya huje, sai a yanke wurin, a zura guntun tiyon fetur, a ɗaure da kilif biyu, in babu kilif a murɗa waya. Tiyon fetur na gama-gari an yi shi ne don matsin da bai wuce 50 ba. Tiyon birki na gaskiya, wanda ke haɗa jikin mota da ƙafa, akwai zaren saƙa a cikin robarsa, bakinsa na ƙarfe kuma inji ne ya matse shi a masana'anta, dokar Amurka ma ta ce sai ya jure matsin 4,000 na tsawon minti 2 bai fashe ba kafin a sayar da shi. A jikinsa za ka ga an buga SAE J1401. Sarki bai damu da wannan rubutun ba. Roba dai roba ce, baƙa ce, tana da rami a tsakiya. Wane ne kai da za ka kawo masa lissafin Turawa alhali kakansa a sana'a haka ya yi?

Sai bajinta ta biyu, wadda ta fi ta farko kyau a ido, shi ya sa ta fi ta haɗari. Sarki zai aiki yaro wurin masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ya sayo bututun jan ƙarfe. Ga shi da sheƙi, ga taushi, da hannu ake lanƙwasa shi ya bi duk lungun da ake so, ba ya tsatsa. Mai mota ya leƙa ya ga jan ƙarfe na walƙiya a ƙarƙashin motarsa, ya ji a ransa an yi masa aikin manya. Abin da Sarki ya rufa wa asiri shi ne halin jan ƙarfe zalla: duk lanƙwasa da duk girgiza tana ƙara masa tauri, taurin kuma shi ke kai shi ga tsagewa. Duk wanda ya taɓa ƙera motar waya yana yaro ya san yadda ake yanke waya ba da almakashi ba, a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta yi zafi ta karye. Ramukan hanyarmu su ke yi wa bututun wannan lanƙwasar, kaɗan-kaɗan, sau dubbai a tafiya guda, kuma a gindin noti abin ya fi taruwa, inda ido ba ya gani. Ba ya yoyo ya gargaɗe ka. Ranar da zai tafi, gaba ɗaya yake tafiya.

Masu ƙera mota, da yake su ba su kai Sarki basira ba, sai suka wahalar da kansu. Tun shekarun 1920 aka fito a birnin Detroit da bututun da ake kira Bundy: fallen ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe, a naɗe shi sau biyu, a gasa shi har ya haɗe ya zama bango mai ninki biyu. Shi ne ke ƙarƙashin yawancin motocin da muke hawa. Aibinsa ɗaya, tsatsa. Don maganin tsatsar aka kawo wani gauraye, kashi 90 jan ƙarfe, kusan kashi 10 nikel, da ɗan ƙarfe kaɗan, wanda 'yan kasuwa ke kira kunifa. Kamfanin Volvo na Suwidin ya koma amfani da shi a 1976. Yana da sauƙin lanƙwasawa, ba ya tsatsa, kuma yana jure girgizar da ke karya jan ƙarfe zalla. Launinsa ya fi na bututun firij dusashewa, bai kai shi ja ba. Waɗannan biyun, ƙarfen Bundy da kunifa, su ne bututun birki. Amma me zai sa Sarki ya tsaya bambance su da na firij, tunda mai motar ma bai san akwai bambanci ba?

Kada a ce tsatsa matsalar ƙasashen sanyi ce, mu da muke cikin rana ba ruwanmu. Motocinmu daga ina suke zuwa? 'Yar Beljiyam ɗin da aka sauke a Kwatano ko Legas ta yi shekara goma ko fiye tana bin titunan da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara. A Amurka sai da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta yi shekara 5, daga 2010 zuwa 2015, tana bincike kan ruɓewar bututun birki a wasu manyan motocin General Motors, daga ƙarshe ta shawarci mazauna jihohin gishiri su riƙa wanke ƙarƙashin tsofaffin motocinsu, su kuma sa a duba bututan. Irin waɗannan tsofaffin motoci na ƙasashen gishiri su ake loda mana a jirgi. Idan bututu ya huje a wuri ɗaya saboda tsatsa, sauran tsawonsa ma ya ci, jira kawai yake. Sarki ya san haka sarai, shi ya sa yake gyara taƙi guda ya bar sauran: mai hangen nesa ba ya cinye kasuwar gobe a yau.

Yanzu mu zo ga rawanin sarautar, aikin da ya sa ya cancanci a buga masa tambari. Haɗin masu aikin famfo. Kowa ya san shi: noti biyu na tagulla da ɗan zobe a cikin kowane. Ka zura bututu, ka ɗaure noti, zoben ya matse ya cije jikin bututun ta waje. Babu buƙatar buɗa baki, babu buƙatar wani kayan aiki sai sifana biyu, minti biyar an gama. Kuma ga tsafta! Ba ya ɗiga. A tayar da mota, yaro ya shiga ya buga birki, Oga yana ƙasa yana cewa "Buga! Riƙe! Saki!", birki ya yi tauri, a zaga layi da motar a dawo, komai lafiya. Wa zai ce ba a yi aiki ba?

Nan ne hikimar take, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Babu abin da ke riƙe da bututun a cikin wannan haɗin sai cizon zoben. An yi shi ne don ruwan famfo da makamantansa, inda matsi bai taka kara ya karya ba. Tagulla ta fi ƙarfen bututun birki taushi, don haka cizon ma ba ya shiga sosai. Takun yau da kullum, na tsayawa a danja ko rage gudu a kan kwana, bai isa ya motsa shi ba, sai ya yi wata shida yana ba ka amana. Amma ranar da tirela ta tsaya cak a gabanka a Kwanar Dangora, ka taka da ƙarfin da ba ka taɓa takawa ba, matsin nan na sama da 1,000 zai tura bututun ya zare daga cikin zoben, mai ya watse a titi, feda ta nutse. Gyara ne da ke cin kowace jarrabawa sai guda ɗaya, ita kuwa gudar ita ce dalilin da ya sa aka sa wa mota birki. Shi ya sa a jihohin Amurka da dama, mai duba lafiyar mota idan ya ga wannan haɗin a layin birki ba ya ba motar takardar hawa titi. Mu a nan takardar tana fitowa ko motar ba ta je ba, wannan kuma wata jinjinar ce ta daban.

Haɗin gaskiya ba da cizo yake riƙewa ba. Ana buɗa bakin bututun ne da na'ura, ya yi leɓe, noti ya zauna a bayan leɓen ya danna shi a mazauninsa. Ƙarfe kan ƙarfe, kuma bututun ba shi da hanyar zarewa sai dai leɓen ya yage. Leɓen nan iri biyu ne a motocinmu. Akwai mai ninki biyu, wanda ake naɗe bakin ya koma ciki a kusurwar digiri 45, shi ne a motocin Japan irin su Corolla da Hiace da kuma yawancin tsofaffin motocin Amurka. Akwai kuma mai kumburi, wanda bakin ke tasowa ya yi tulluwa, shi ne a motocin Turai irin su Golf da Sharan da Peugeot. Mazaunin kowane daban ne. In ka sa mai ninki a mazaunin mai kumburi, zai ɗauru, amma ba zai zauna ba.

Sarki ya 'yanta kansa daga duk wannan ƙa'ida. Shi leɓe ɗaya ya sani, wanda ake yi da ƙusa da guduma: a cusa tsinin ƙusa a bakin bututu a doka har ya buɗe. Leɓe mai falle ɗaya, siriri, sau da yawa ma ya riga ya tsage tun kafin a ɗaura. In ya ɗiga, a ƙara ɗaurewa. In ya ci gaba da ɗiga, a naɗa wa haƙoran notin farin tef na masu famfo, ko zaren buhu, duk da cewa haƙoran noti ba su ne ke tare mai ba, leɓen ne, kuma guntun tef ɗin na iya shiga cikin layi ya toshe wata ƙaramar kafa. Ga kuma batun notin kansa. Na awon mita, mai kaurin milimita 10, da na awon inci, mai kashi 3 cikin 8, bambancin kaurinsu bai kai rabin milimita ba, tazarar haƙoransu ma kusan ɗaya ce. Na incin zai shiga ramin na mita ya yi ta juyawa har ya yi kamar ya kama, alhali da bakin haƙora kawai yake riƙe. Bakanike mai tsoron Allah yana jin wannan sakwarkwacewar a yatsunsa ya tsaya. Sarki kuwa ya ɗebo noti daga gwangwanin tarkace, wanda ya shiga shi ne rabonka.

Walda ba sai mun daɗe a kanta ba. Wuta tana ƙone rufin da ke kare bututun daga tsatsa, tana raunana ƙarfen, tana barin ƙura a ciki. Sarki yana yi, don ba a san shi da tsoron wuta ba.

Amma a ina za a sami mai ƙarfin zuciyar da zai kai shi a aikin guduma? Ƙafar baya tana yoyo, direba yana sauri, an riga an yi lodi. Sai Sarki ya ɗora bututun a kan dutse ya daddake shi ya lafe, ko ya cusa ƙusa a mahaɗa ya ɗaure. Yoyo ya tsaya nan take. Ƙafa uku ma ai sun isa, wa ya ce dole sai huɗu? Tun 1968 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da layin birki kashi biyu, sauran duniya kuma ta bi, domin in ɗaya ya fashe ɗayan ya rage maka abin tsayawa, ko da feda ta yi nisa kuma tsayuwar ta yi tsawo. Wannan rangwame ne da aka ajiye don mummunar rana. Sarki ya mayar da shi abincin yau da kullum, ya cinye ajiyar tun a gareji. Motar da ƙafa ɗaya ba ta kamawa, in aka taka da ƙarfi gefe take fizga, kuma a hanya mai hannu biyu gefen nan wata motar ce cike da mutane.

In man ya ƙare a hanya, almajiran Sarki sun san fatawarsa: ruwan omo. Man birki na DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230. In suka sha ruwa, wanda halinsu ne su tsotse shi daga iska, sai su sauko wajen 140 da 155, shi ya sa ake son a riƙa canja su, a kuma saye su a rufaffiyar gora. Ruwa a 100 yake tafasa. A gangaren Hawan Kibo, da lodin dankali da mutum 18, ƙafa a kan birki tun daga sama, ruwan zai zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Wasu kuma man inji ko na giya suke zubawa, wanda ke kumbura robobin masta har su lalace.

Zalunci ne a yabi Sarki a manta da fadawansa. Gaishe ka, mai shago a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kai da kake da amsa ɗaya ga kowace tambaya: "Duk ɗaya ne, Oga." Akwai 'yan'uwanka a kasuwar nan da za su fito da mai kyau da mai araha su gaya wa mutum gaskiyar kowane, amma kai ka fi su sanin ciniki. Gaishe ka, Alhaji mai mota, babban waziri, wanda in ba don kai ba da sarautar nan ta daɗe da rushewa. Ka canja rim, ka sa gilashi mai duhu, ka sa lasifikar da ke girgiza unguwa, ba ka nemi ragi ba. Da aka zo kan bututun da ran iyalinka ke rataye a jikinsa, nan ka tuna tattali, ka ce, "Malam, a dai yi maneji, in na dawo daga tafiya sai a yi mai gaba ɗaya." Tafiyar ce ai ake tsoro, Alhaji. Gaishe ka, mai motar haya da ke zaune a gida yana jiran balas, wanda direba ke tsoron ya gaya wa kuɗin gyara don kada a karɓe makulli. Shi fasinja bai san an yi wannan cinikin da ransa ba, ya dai biya kuɗin mota ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Babbar shaidar ƙwarewar Sarki ita ce babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Mai gyaran rediyo ana dawo masa da aiki, tela ana dawo masa da ɗinki, shi kuwa shiru. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da gurbin tsinkewar birki a cikin jerin musabbaban haɗari, a nan ake rubuta aikin Sarki ba tare da sunansa ba. A kwashe gawarwaki, a ja ragowar motar gefen hanya, 'yan gwangwan su zo su yanka. Wa zai kwanta a ƙarƙashin tarkace ya nemo guntun bututun da ya zare daga zoben tagulla? A zaman makoki a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa, amma malaman da suka koya mana haka su ne suka koya mana cewa wanda ya jawo asarar rai da sakacinsa akwai haƙƙi a wuyansa. Sarki yana zuwa gaisuwar ma, ya zauna a tabarma ya ɗaga hannu.

Yana da maƙiyi, ba a rasa ba. A kusan kowane layin makanikai akwai wani mai taurin kai da ya sayi na'urar buɗa baki da abin yanka bututu da sifanar noti mai tsaga. Ka kai masa mota, sai ya bi layin tun daga masta har ƙafa da tocila yana ƙwanƙwasa tsatsa. Ya ce a canja tsawon gaba ɗaya daga mahaɗa zuwa mahaɗa, in kuwa dole sai an yi haɗi a tsakiya, to da mahaɗar ƙarfe ta birki, leɓe a kowane gefe, a kan lafiyayyen wuri. Ya ɗauki tsohon notin ya tafi da shi kasuwa don ya gwada da sabon. Ya soma ɗaura noti da yatsu kafin ya sa sifana. Ya mayar da bututun cikin maƙalansa don kada ya yi rawa ko ya goga a jikin ƙarfe, ya nisanta shi daga salansa. Ya fitar da iska ƙafa bayan ƙafa, sannan ya tayar da inji ya taka feda da iya ƙarfinsa ya riƙe kamar rabin minti, yana jin ko za ta nutse, ya sake komawa ƙasa ya shafa kowace mahaɗa da busasshen yatsa. Ya ɓata maka yini guda, ya kuma caje ka fiye da Sarki. Shi ya sa bencinsa babu kowa, na Sarki kuwa har ana tsayuwa.

To ni a bencin mai taurin kan nan zan zauna, kuma ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da iyayen gidan da ke yaye yara a gareji. Na'urar buɗa baki ba ta fi ƙarfin gareji ba, in ta fi ƙarfin mutum ɗaya layi guda na iya haɗa kuɗi su saya. Kada a sake yanka ragon yaye wa yaro sai ya zauna a gaban manya ya yi leɓe mai ninki biyu da mai kumburi da hannunsa, an kuma zube masa noti na mita da na inci da bututun firij da kunifa ya ware kowane. Wanda aka kama ya sa haɗin famfo ko tiyon fetur a layin birki, ƙungiya ta hukunta shi kamar yadda take hukunta wanda ya saci kayan motar kwastoma. Ranar da aka fara haka, ranka ya daɗe, fadarka za ta watse, kuma ina cikin masu roƙon Allah ya gaggauta zuwanta.